Yadda muke koyar da rabe-raben dabbobi a makarantun da ba ɗakin gwaji

Malami daga Kura: Assalamu alaikum 'yan uwa malaman Bayoloji. Mun iso darasin rabe-raben dabbobi a SS1, littafi kuma misalansa na teku ne: soson teku, jelifish (wata dabbar ruwa mai laushi, mai siffar lema), kifin tauraro. Wasu yarana ko madatsar Tiga ba su taɓa gani ba. Ku yaya kuke yi?

Malama daga Ringim: Wa alaikumus salam Malam. Ni da daidaiton ɓangarorin jiki nake somawa, sai in sa su kamo fara. Layi ɗaya tak ke raba ta gida biyu daidai, daga kai zuwa bindi. Haka kunama, kwaɗo, har su kansu. Na jelifish kuwa faifai nake ɗagawa: ta ko'ina ka yanka, in ka bi ta tsakiya, ɓangarorin za su zo daidai. Soson teku yawanci ba inda za ka raba shi daidai, shi ke nan.

Malami daga Haɗeja: Siffar waje mai sauƙi ce, Malama. Wuyar tana wajen yadda ɗan tayi ke haɗuwa. Jelifish shimfiɗa biyu na ƙwayoyin halitta ke gina jikinsa tun yana tayi, fara da tana da mu kuwa uku. Masu ukun ana sake raba su da kogon jiki, wato sararin da ke tsakanin hanji da bangon jiki. Nan karkara ta fi birni kayan aiki. Ranar kasuwa nakan je wajen mahauta in roƙi hantar saniya mai tsutsa. Tsutsar hanta, tsila da tsutsar tsargiya duk dangi ɗaya ne, jikinsu a cushe, ba kogo. Macijin ciki da kurkunu kogonsu na ƙarya ne, don shimfiɗar tsakiya ba ta lulluɓe shi duka ba. Tana mai kogon gaskiya ce. Kurkunu dai sai a baki, tun 2013 aka tabbatar Najeriya ta rabu da shi, amma in yaro ya tambayi kakarsa zai sha labari. Tsargiya kuwa, a yankin fadama, ba sai an yi musu bayani ba.

Malama daga Ringim: To kifin tauraro fa? Yarana kullum tare da jelifish suke ajiye shi.

Malami daga Haɗeja: Tarkon ke nan. Babban ne mai hannu biyar a zagaye, amma yana ɗan mitsitsi a ruwa dama da hagu gare shi. Kuma ƙofar farko da ke buɗewa a tayinsa dubura take zama, baki daga baya, kamar mutum. Fara, tana da katantanwa kuwa na rukunin da baki ke fara fitowa ne. Ranar da na ce kifin tauraro ya fi fara kusa da mu, sai da shugaban makaranta ya leƙo saboda dariya.

Malami daga Kura: Wata yarinya ta ƙure ni da katantanwa, wai ƙwaryarta a murɗe take, ina daidaiton?

Malami daga Haɗeja: Yarinyar nan a riƙe ta. Katantanwa da daidaito take farawa, sai kayan cikinta su juya rabin zagaye tana girma. Ka sa ta duba kai da ƙahonin, su ba su murɗe ba.