Ɗalibaina za su fara fita asibiti, me kuka so a ce an gaya muku tun farko?

Malamar jinya, Kano: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yaranmu sun ci jarrabawar PTS, wato ta share fagen karatun jinya, an sa musu hula, wata mai zuwa za su fara fita asibiti. Duk shekara abu ɗaya nake gani, yarinya ta haddace gyaran gado da jera tire, ta yi ta yi a kan mutum-mutumin roba har ta iya, amma sati biyu da shiga ɗakin marasa lafiya sai ta dawo ido jawur tana cewa Malama ba haka kika ce mana ba. Abin yana damuna wallahi. Don Allah kowa ya faɗi abin da ya same shi a farkon aiki, zan karanta musu a aji.

Sista, shekara 14 a aiki: Wa alaikumus salam Malama. Ni dutin dare na farko ne ba na mantawa, damina ce ana fama da amai da gudawa, mu biyu kaɗai a ɗakin yara kuma gadaje sun cika har da tabarma a ƙasa, can wajen ƙarfe biyu aka ɗauke wuta janareto ya ƙi tashi sai ga wata uwa da yaro ruwan jikinsa ya ƙare idanu sun faɗa, jijiya ta ɓuya, uwar ce ta riƙe min fitilar waya hannunta na rawa nawa ma yana rawa, sai a karo na huɗu kanula, wato allurar ƙarin ruwa, ta shiga. Yaron ya tashi Alhamdulillah. Amma a makaranta ban taɓa neman jijiya ba sai cikin haske da tire cikakke. Ki riƙa cire musu kaya biyu uku daga tiren ki ce to ku yi, su koyi me za a iya musanyawa, me kuma ba a taɓa musanyawa ko ana ha maza ha mata. Sirinji ɗaya mutum ɗaya, wannan babu dabara a ciki.

Nas namiji daga Gusau: Allura ta taɓa soke ni ina aji biyu, garin mayar mata da murfi. Na ɓoye kwana biyu saboda tsoron faɗa, wata Anti ce ta lura na ƙi cin abinci ta ja ni aka yi gwaji aka ba ni PEP, maganin kariya daga kamuwa da cutar ƙanjamau. Maganin nan cikin awa 72 ake fara shi, gara ma tun awannin farko, kuma kwana 28 ake sha. Da na ƙara kwana ɗaya da biyu shikenan lokaci ya wuce. Ki ce musu kar a mayar da murfi, a jefa a kwalin allurai, in kuma ta faru a wanke da ruwa da sabulu a faɗa nan take. Sannan rigakafin ciwon hanta B, allura uku ne, ta farko, bayan wata 1, sai wata na 6. Da yawa a ajinmu ba mu yi ba muka shiga jini tsamo-tsamo.

Ungozoma, Katsina: Malama ki koya musu kalmar "da sauƙi". Mutanenmu ko rai na hannun Allah ka ce ya jiki sai su ce da sauƙi, littattafanmu kuma ba su san wannan ba. Mai haihuwar fari za ta cije leɓe ta yi shiru saboda kunyar surukarta da ke tsaye, ɗaliba ta ɗauka lafiya lau. Akwai wadda na taɓa karɓa ƙafa a kumbure tana cewa kai ne kawai ke ɗan sara mata, da na auna jini ya hau sosai, ba a yi awa guda ba ta fara jijjiga, Allah ya sa magnesium sulphate, maganin jijjigar, yana kusa. A auna, a duba ido da ƙafa da zanen da ke ƙarƙashinta, kar a tsaya a amsar baki. Kuma in za a tambayi jiƙo ko rubutu da aka ba ta a gida a fitar da mutane tukuna, a tambaya cikin mutunci, kina tsawa za ta ce ba ta sha komai ba.

Ma'aikacin jinya, Maraɗi: Haka ne Hajiya, mu ma nan likita, wato asibiti, daga watan bakwai zuwa na goma tamowa da zazzaɓin sauro ke haɗuwa, yara biyu uku gado guda. Ɗalibi ya iya duba wanda ya fi galabaita, ba wanda uwarsa ta fi ɗaga murya ba.

Sista, shekara 14 a aiki: Na manta da mutuwa. Ba wanda ya koya min me zan ce. Ranar da wani dattijo ya cika a hannuna na tsaya kamar an dasa ni, matron ce ta rufe masa ido ta ja labule ta kira babban ɗansa gefe ta ce Alhaji sai haƙuri, rai ya yi halinsa. Ba ta faɗa a gaban matan ba, ba ta kuma ja su da takardu ba don ta san suna son a kai shi makwancinsa kafin la'asar. Da muka koma ofis ta ba ni ruwa ta ce in zauna minti goma. Har yau haka nake yi wa ƙanana.

Ɗaliba, aji ɗaya: Anti to in 'yan uwan mara lafiya suka taso min da faɗa ni kaɗai fa? Wannan ne tsorona.

Nas namiji daga Gusau: Ƙanwata kar ki biye musu kuma kar ki tsaya ke kaɗai, kira na gaba da ke. Ki rubuta duk abin da kika yi da lokacinsa a folda, gobe ita za ta yi miki shaida. Yawancinsu kuɗin magani ne ya ƙare kuma ba wanda ya yi musu bayani tun safe.

Malamar jinya, Kano: Allah ya saka da alheri. Ranar Litinin zan fara da duba katin rigakafinsu. Sista in kina da hutu bayan dutin dare ki zo ki ba su labarin dattijon nan da bakinki, ni zan zo in ɗauke ki.