Gyaran gashi da fata ba wahala: shawarwarin matan Katsina

Karkashi ne ya fi samun yabo wajen masu kitso. A jiƙa cokali 2 na garinsa a ruwan ɗumi minti 15 har ya yi yauƙi, a tace, sannan a wanke kai. Yana warware gashi, amma in ba a tace ba ɓarɓashin sai ya maƙale. Man kaɗanya kuwa a shafa shi jiki na da sauran danshi, domin in an shafa a busasshiyar fata ƙyalli kawai za ta yi. An saɓa kan man kwakwa, wasu sun ce yana fito musu da ƙuraje a fuska. Sabulun salo da hunturu, sau 2 a mako ya isa. Matsattsen kitso ke cinye gaban goshi. Faso? A shafa Vaseline a sa safa, a kwana.