Neman kalma: me za mu kira abin da ya sa fada ta yi tsit saboda mutum-mutumi?

Salamu alaikum ƴan uwa. Wannan zaren na neman kalma ne, kuma daga fadarmu ta nan Yamai ya taso, daren Asabar, shayi na biyu yana bisa gawayi.

Ƙanena ne ya zo da kwamfutarsa ya aza bisa benci, ya sa mana wani kashi na Star Trek, shirin talabijin na masu yawo cikin kumbo tsakanin taurari, zubin da aka fara nunawa a Amurka a 1987, da fassarar Faransanci. A cikin ma'aikatan kumbon akwai Data, mutum-mutumi mai siffar ɗan Adam, wanda ya fi kowa lissafi amma aka ƙera shi ba ya jin farin ciki, ba ya jin baƙin ciki. A wannan kashi, na 1990, sai ya ƙera wa kansa ɗiya, ya raɗa mata suna Lal, ya bar ta ta zaɓi kamanninta da kanta, yana koya mata zama da mutane. Wani babban hafsa ya zo zai raba su. Tsoro ya kama yarinyar, abin da ubanta bai taɓa sani ba, ƙwaƙwalwarta ta kasa ɗauka. Ya yi iya yinsa bai cece ta ba. Kafin ta cika ta shaida masa tana ƙaunarsa, shi kuwa ba shi da irin abin da zai mayar mata, kuma bai yi mata ƙarya ba. Ya kwashe tunaninta ya adana cikin kansa, ya koma bakin aikinsa.

Mu bakwai ne zaune. Mai haɗa shayin ya bar buta ta tafasa har ta zube a wuta bai lura ba. Wani abokinmu makaniki, wanda ya binne ɗansa bara, ya miƙe ya ce zai duba babur ɗinsa, ya jima bai dawo ba.

Da aka samu bakin magana sai ƙanena ya ce, "Yaya, ka ga abin da nake gaya maka, wannan seri tana da profondeur émotionnelle." Kowa ya gyaɗa kai. Kawunmu da ke gefe bisa tabarma, wanda bai yi lakkal ba amma ya kalli abin tun daga farko, ya ce, "Ɗana, mi ka ce tana da shi?" Ƙanena ya buɗe baki ya rufe. Nan na ji abin ya tsaya mini a rai: Kawu ya ji duk abin da muka ji, ƙila ma ya fi mu, amma mun sa wa abin suna da harshen da ya bar shi waje. Tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. In haka ne, irin wannan hira ma sai ta samu kalmominta.

Sunan nau'in fim ɗin, wato science-fiction, bai ba mu wahala ba. Wasu sun ce tatsuniyar kimiyya, mu mutanen Adar muka ce ai gatana, amma dukkansu suna kawo Gizo da Ƙoƙi a ido, sai a zaci na yara ne. Muka tsaya kan almarar kimiyya. Su ma masu abin ba dare ɗaya suka samu sunan ba: Hugo Gernsback, wanda ya kafa mujallar irin waɗannan labarai a Amurka a 1926, wata kalma mai nauyin baki ya fara ƙirƙira, sai a 1929 ya koma ga wadda duniya ke amfani da ita yau.

Ɗaya kalmar, waccan profondeur émotionnelle, ita ce ta hana mu tashi.

Ƙanena ya fara da zurfin motsin rai. Na ce a'a. Wannan ɗaukar kalmomin Faransanci ne ɗaya bayan ɗaya a sa musu riga da hula. Ka faɗa wa tsohuwa a Tawa cewa labari yana da zurfin motsin rai, ka ga ko za ta gane. Ban taɓa jin Bahaushe ya faɗe ta ba sai a rubuce.

Wani ya ce ban tausayi. Gaskiya akwai tausayi a ciki, amma tausayi daga sama yake saukowa, mai lafiya ke tausayin majinyaci. Abokinmu da ya miƙe ba tausayin Data ya ji ba, kansa ya gani. Kuma akwai finafinai barkatai masu ban tausayi, marainiya da kishiyar uwa, kuka tun farko har ƙarshe, ka share hawaye ka ci tuwonka, da safe ka manta sunan yarinyar.

Sosa rai ta fi kusa, har na so in karɓa. Sai dai susa a fata take tsayawa, kuma galibi ɓacin rai take nufi, kamar a ce maganar da ya faɗa ta sosa mini rai. Tashin tsikar jiki kuwa na ɗan lokaci ne, ƙarar ganga ma tana kawo shi.

Sai wani malamin makaranta da ke cikinmu ya ce, tun da ana maganar zurfi, ai muna da zurfin ciki. A nan ne hirar ta yi daɗi, don kalmar ba ta dace ba, amma ita ta nuna mana inda abin yake. Mai zurfin ciki shi ne wanda abu ke cinsa bai faɗi ba. Halin mutum ne, ba halin labari ba, don haka ba za a ce fim yana da zurfin ciki ba. To amma ku duba waɗanda masoya Star Trek suka fi riƙewa a zuciya. A zubin farko na 1966 akwai Spock, wanda uwarsa ɗiyar Adam ce, ubansa kuma daga wata duniya inda nuna abin da ke rai abin kunya ne. Yana ji, yana dannewa. Masu kallo suka so shi fiye da zato, kuma da aka yi niyyar dakatar da shirin a 1968, wasiƙun masoya ne suka sa aka ƙara masa zango na uku. Shiri ne na kumbo da taurari, amma wanda ba ya dariya ba ya kuka shi ne mutane ba su manta ba.

Mu wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Mun tashi mun ga uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa gaban mutane, kuma kowa ya san ba rashin so ba ne. Mun ga uba ya dawo daga maƙabarta ya zauna bisa tabarma yana amsa gaisuwa, "Sai haƙuri, sai haƙuri," idonsa a bushe, kai da ka zo yi masa ta'aziyya kai ne jikinka zai yi sanyi. Data da ya koma kujerarsa bayan rasuwar ɗiyarsa, wannan uban muka gani. Shi ya sa nake ganin Bahaushe ya fi saurin gane irin wannan labari a kan yadda ake zato. Wanda ke cikin labarin ya riƙe, sai nauyin ya dawo kan mai kallo.

Kenan kalmar da muke nema ba ta auna yawan hawayen da ke cikin fim ba ce, ta faɗi abin da ya sami mai kallo ne. Kawu ne ya kawo ta ba tare da ya san ya kawo ba. Ya ce, "Ni dai abin ya ratsa ni."

Ratsa jiki. Ku gwada ta a baki. Muna cewa sanyin hunturu ya ratsa ƙashi, magani ya ratsa jiki, karatun wane yana ratsa jiki. Wanda ya san kilishin Madawa ya san bambancin naman da aka barbaɗa wa yaji a sama da wanda aka tsoma cikin tunkuza da kayan yaji aka shanya har suka ratsa shi: na farko harshe kawai yake ƙonawa, na biyu duk inda ka yaga ɗanɗanon yana nan. Zurfin da Faransanci ke nufi yana cikin kalmar ratsa tun asali, ba sai an jingina mata komai ba. Kuma ba ta ɗaure da baƙin ciki ba, abin farin ciki ma yana ratsa mutum.

Ga yadda take zama cikin zance. Wannan almarar kimiyya ce mai ratsa jiki. Zango na biyu ya fi yawan faɗa, amma bai kai na farko ratsa jiki ba. An kashe kuɗi wajen hotunan taurari, labarin kuwa bai ratsa ba. Ko ɗaya ba ta yi kama da fassara ba.

Malamin ya kawo ƙorafi mai ma'ana: me ya sa ba ratsa zuciya ba, tun da zuciya ce mazaunin abin? Ban ƙi ta ba, ana faɗinta, kuma a rubutun makaranta ƙila ta fi zama. Na fifita jiki ne don abin da na gani da idona daren nan. Hannun mai shayi ne ya tsaya, ƙafar abokinmu ce ta fitar da shi, ni kuma maƙogwarona ne ya toshe.

Don haka a fadarmu mun tsaya kan ratsa jiki, kuma ita zan riƙa rubutawa daga yau. Ƴan uwa na Tawa, Maraɗi da Damagaram, da na Kano da Sakkwato, in akwai wata da tsofaffinku ke faɗi idan maroƙi ko mai gatana ya kai su inda ba su iya magana, ku ajiye mana ita a ƙasa tare da jimlar da kuka ji ta ciki. Asabar mai zuwa Kawu ya ce a sake sa masa kashin Lal, zan karanta masa abin da kuka kawo kafin a kunna.