Ɓoyayyen abu ne a samaniya, ko dokar Newton ce ta gaza?

Ɗalibar Fiziks:
Assalamu alaikum. Akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. A dokar Newton ta jan nauyi, tauraron da ya yi nisa da tsakiyar galaksi (wato babban gungun taurari masu kewaya tsakiya guda) ya kamata gudunsa ya ragu, kamar yadda duniyar Neftun take kewaya rana a hankali ƙwarai fiye da Makyuri. Amma da Vera Rubin da Kent Ford suka auna galaksin Andromeda a 1970, sai suka tarar taurarin gefe ba su rage gudu ba. Malaminmu ya ce akwai wani ɓoyayyen abu mai nauyi da ba ya fitar da haske, shi ne ke jan su. Ni dai raina bai kwanta ba. Don lissafi ya ƙi fita, sai a ce akwai abin da ba a gani? Me ya hana a tuhumi dokar kanta?

Malamin Lissafi:
Wa'alaikumus salam. Ai an tuhume ta, 'yata. A 1983 Mordehai Milgrom na Isra'ila ya kawo ra'ayin MOND, wato gyararriyar dokar Newton. Ya ce dokar Newton tana aiki ne inda jan nauyi ke da ƙarfi. Idan ya yi rauni, ƙasa da kimanin 1.2 × 10⁻¹⁰ m/s², sai ka ga idan nisa ya ninka, jan ya koma rabi maimakon kwata. Da wannan lamba guda ake iya lissafa gudun taurari a galaksi iri-iri, daga abin da ake gani kaɗai. Har ya yi hasashen cewa galaksi masu dusasshen haske za su fi kauce wa Newton, aka auna daga baya aka tarar haka ne. Wannan ne ya sa ba na raina ra'ayin.

Kuma tarihi bai fifita ɓangare ɗaya ba. Da duniyar Yuranus ta kauce hanya, masanin taurari Le Verrier ya ce akwai duniyar da ba a gani ba, aka gano Neftun a 1846. Da Makyuri ta kauce, ya sake faɗin haka, har aka raɗa wa duniyar da ake zato suna Vulcan. Ba a taɓa ganinta ba. Dokar ce ke buƙatar gyara, Einstein ya gyara ta a 1915.

Mai Madubin Hange:
Malam, da girmamawa, ka tsaya a galaksi ɗai-ɗai, inda MOND ke da baki. Tun 1933 Fritz Zwicky ya ga nauyi bai cika ba a tarin galaksi na Coma. A irin waɗannan tari, ko an yi amfani da MOND, sai an nemi kusan ninki biyu na abin da ake gani. Ga kuma Bullet Cluster: tari biyu sun yi karo, iskar gas mai zafi, wadda ita ce mafi yawan abin da ake gani, ta tsaya a tsakiya. Amma a 2006 aka auna yadda nauyi ke lanƙwasa haske, aka ga nauyin ya wuce gaba tare da galaksi. Ma'aunin tauraron ɗan'adam Planck ma ya nuna ɓoyayyen abu ya ninka abin da muka sani kusan sau biyar.

Ɗalibar Fiziks:
Na gode, Yaya. To in yana da yawa haka, an taɓa kama ko ƙwaya ɗaya?

Mai Madubin Hange:
Ba a kama ba, ƙanwata, kuma abin yana damuna. Cikin na'urorin da ke neman ƙwayoyinsa, XENON tana ƙarƙashin dutsen Gran Sasso a Italiya, LZ tana cikin tsohon ramin haƙar zinari a Dakota ta Kudu, Amurka, duk shiru. Yanzu ana gwada MOND da taurari 'yan biyu masu nisa da juna daga bayanan tauraron ɗan'adam Gaia. Kyu-Hyun Chae ya ce ya ga alamar kaucewa daga Newton, Indranil Banik da abokan aikinsa sun ce ba su gani ba. Ki karanta yadda kowannensu ya tace taurarin da ke da ɓoyayyen abokin tafiya na uku, a nan gardamar take.