Wanda ya ƙi biyan kuɗin unguwa, ƙungiya na da ikon hana shi shiga get?

Abu Hanan: Salamu alaikum. A rukunin gidaje irin na Lokogoma da Gwarimpa a Abuja, ana karɓar kuɗin masu gadi, kwasar shara da man janaretan borehol. In mutum ya ƙi biya wata da watanni, ƙungiya za ta iya tare motarsa a get ko ta yanke masa wuta?

Barista Sani: Wa alaikumus salam, Malam. Tare get shi ne hanya mafi sauri ta mayar da mai gaskiya mai laifi. Sashe na 40 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin shiga ƙungiya, sashe na 41 kuma 'yancin zirga-zirga. Kuka hana mutum shiga gidansa, zai kai ku kotu kan tauye haƙƙi, kuna bin sa dubu ɗari ku ƙare da biyan diyya.

Abin da ke ɗaure mutum shi ne sa hannunsa. A duba takardar sayen gidan ko yarjejeniyar haya: in akwai sharaɗin biyan kuɗin hidima, ya zama bashi. Sannan ƙungiyar ta yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni (CAC) a matsayin amintattu, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, don da wannan sunan za ta shigar da ƙara. Sai a rubuta masa takardar neman biya, a jera watannin ɗaya bayan ɗaya da jimillar kuɗin, a ba shi kwana 14. Bai biya ba, sai kotun ƙananan basussuka. Kada a bar bashin ya kai shekara shida, lokacin ƙara na iya wucewa.

Batun 'yan sanda kuwa, a bar shi. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum kan bashi.

Hajiya Maman Ilham: Barista, ka manta da inda shari'ar ke rushewa: lissafi. Galibi ma'aji na karɓar kuɗi a asusunsa na kansa, ba rasit, ba rubutaccen bayanin taron da aka ƙara kuɗin. Alƙali zai tambayi wa ya amince da ƙarin, sai a yi tsuru-tsuru. A buɗe asusu da sunan ƙungiya, mutum biyu su riƙa sa hannu, a karanta lissafi duk wata uku. Da yawa ba rashin kuɗi ke hana su biya ba, rashin yarda ne.

Injiniya Bala: Wutar AEDC, kamfanin rarraba lantarki na Abuja, ba taku ba ce, kada wanda ya hau falwaya. Abin da za ku iya janyewa shi ne abin da kuɗin ƙungiya ke samarwa: ruwan borehol da motar shara. Shi ma sai dokar ƙungiya ta tanade shi, kuma kowane gida na da makunnin ruwansa a waje, in ba haka ba maƙwabta uku za ku busar da famfonsu saboda mutum ɗaya.

Abu Hanan: To ɗan haya fa, shi za a bi ko mai gida?

Barista Sani: Wanda ya sa hannu. In yarjejeniyar hayar ta yi shiru, mai gida za ku rubuta wa.