Na yi ritaya, ƙungiyarmu kuma ta rasa abin yi: ina neman shawara

Tsohon Sakatare: Assalamu alaikum. Na yi shekara 35 ina aikin gwamnati a sashen kuɗi, na ajiye aiki bara kamar yadda doka ta tanada, alhali ban cika shekara 60 ba kuma da sauran ƙarfina. Tun ina bakin aiki nake riƙe da sakatarcin ƙungiyar 'yan garinmu mazauna Kano. Mu goma sha biyu muka kafa ta a zauren wani dattijonmu, Allah ya jiƙansa, a lokacin da garinmu ba wuta, ba ruwan kirki, mace mai naƙuda kuma sai a amalanke ake fito da ita bakin titi. Mun yi zarya ofis-ofis, mun yi karo-karo daga ɗan albashinmu, har aka sa mana taransifoma, muka haƙa rijiyar burtsatse biyu, muka gina ɗakin shan magani da aikin gayya. Ina tuna daren da aka fara kunna wuta, tsofaffi suka fito ƙofar masallaci suka zauna har bayan isha'i suna kallon ƙwan lantarki, wani kawuna yana share hawaye da bakin rawaninsa.

Yau mun haura mutum ɗari biyu a zauren WhatsApp, amma idan aka kira taro da ƙyar ake samun takwas. Ba abin da ake turowa sai sanarwar rasuwa, ɗaurin aure da suna. Akwai ɗan kuɗi a asusu da ba a taɓawa saboda wani saɓani da ba zan shiga cikinsa ba. Na ɗauka idan na yi ritaya ƙungiyar ce za ta cika mini lokaci, sai na tarar ita ma ba ta san abin da take yi ba. Bayan sallar asuba nakan shirya kamar mai fita aiki, sannan in zauna a zaure har azahar, abin da ya fara damun iyalina. Shin in dage in farfaɗo da ita ne, ko in ƙyale ta in nemi wani abin da zan ba sauran rayuwata?

Lauya Mai Ritaya: Wa alaikumus salam. Yallaɓai, matsalarku a fili take, kuma na ga irinta ba sau ɗaya ba. Kun kafa ƙungiya a kan buƙatu uku, buƙatun sun biya, ba ku zauna kun rubuta na gaba ba. Jam'iyyar Mutanen Arewa ta fara a ƙarshen shekarun 1940 a matsayin ƙungiyar al'adu ƙarƙashin Dakta R.A.B. Dikko, amma tun farko ta ambaci abokan gabarta da suna, wato jahilci da lalaci da zalunci, shi ya sa da zamani ya juya ta san inda za ta dosa, ta zama jam'iyyar siyasa ta NPC a 1951. Ku yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni a matsayin amintattu bisa dokar kamfanoni da ƙungiyoyi, wato CAMA, ta 2020. Dole ku rubuta tsarin mulki mai ɗauke da manufofinku, ku buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko akwai mai ja. Wannan tilascin kaɗai zai sa ku zauna ku amsa tambayar da kuke gudu. Ba wata hanya bayan wannan.

Uwar Marayu: Baba, Allah ya ba da mafita. Ina so in tambaya, a cikin mutum ɗari biyun nan mata nawa ne ke da bakin magana? Na yi shekara tara a irin wannan ƙungiya, mu ne masu adashi, mu ne masu girkin taro, amma ranar da muka ce a ware wani abu don kuɗin jarrabawar 'ya'yan zawarawa sai aka ce mu bari maza su duba. Har na fita ba a gama dubawar ba, kuma yara biyu da na sani sun bar makaranta a kan kuɗin da bai kai na kujerun da aka saya wa shugabanni ba. Har yau idan na tuna raina yana ɓaci.

Tsohon Sakatare: Hajiya, na gode, Allah ya huci zuciyarki. Mu ba mu taɓa hana mata komai ba, kawai dai tun asali ba a kafa ƙungiyar da su ba, kuma ba su taɓa kawo ƙorafi ba. Ranka ya daɗe Lauya, muna da tsarin mulki tun farko, ni na rubuta shi da hannuna, kuma ban ga abin da ya ɓaci a cikinsa ba. Mutane ne suka canja.

Lauya Mai Ritaya: Yallaɓai, tsarin mulkin da ba ya gaban hukuma takarda ce kawai. Kuma kuɗin da ka ce ba a taɓawa, da sunan wa aka buɗe asusun? Idan da sunan mutum ɗaya ne, to ga tushen saɓaninku nan, kuma rajista ce maganinsa, domin ita ke mayar da ƙungiya mai cin gashin kanta da za ta mallaki dukiya da sunanta.

Malamin Islamiyya: Ni ina ganin an bar mutumin an kama ƙungiyar. Alhaji, zaman da kake yi a zaure har azahar ya fi damuna a kan asusun da ke banki. Allah ya faɗa a Suratuz Zariyat cewa bai halicci aljanu da mutane ba sai don su bauta masa, saboda haka manufar rayuwarka ba ta tafi tare da takardar ritaya ba. A hadisin da Muslim ya ruwaito, aikin ɗan Adam yana yankewa idan ya mutu sai abu uku: sadaka mai gudana, ilimi mai amfani, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Rijiyoyin nan suna cikin na farko in sha Allahu. Kana da ilimin lissafi na shekara 35, ga masallatai da islamiyyu da yawa da ba su da mai riƙe musu littafin shiga da fita. Ka fara da ta unguwarku gobe, ba sai ka jira mutum ɗari biyu sun yarda ba.

Ɗan Bautar Ƙasa: Baba, a gafarce ni idan na yi kaushi. Mu matasa ba ma zuwa irin wannan taro ne saboda ana shafe awa biyu ana ba mu labarin yadda aka kawo wuta, wutar da yanzu sai a kwana uku ba a gan ta ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, abin da ke gabanmu shi ne kuɗin mota da aikin yi. A tamu ƙungiyar na kawo shawarar a haɗa masu sana'a da yaran da ke son koyo, aka ce in jira lokacina. Shekara nawa kuka yi ba ku yi zaɓe ba?

Tsohon Sakatare: Ɗana, ban riƙe kujerar nan don daɗinta ba, sau biyu ina cewa a karɓa ba wanda ya miƙo hannu. Labarin wutar kuma ba don alfahari muke ba da shi ba, so muke ku san cewa an taɓa yin abu da haɗin kai. Malam, na ji nasiharka, Allah ya saka da alheri, sai dai zuciyata ba ta yarda in bar abin da muka gina da mutanen da yanzu rabinsu suna ƙasa ba. Ina jin kamar cin amana ne.

Lauya Mai Ritaya: Malam, da girmamawa, shawararka za ta kwantar masa da hankali amma za ta kashe ƙungiyar, domin shi kaɗai ne ya rage mai damuwa da ita. Yallaɓai, har yanzu ba ka amsa maganar asusun ba.

Uwar Marayu: Rajista ba ta sa mutum ya damu da ɗan'uwansa, tamu ma tana da takardar. Baba, ka je garin ka kwana biyu, ka zauna da matan da ke layi a bakin rijiyar, ka tambaye su abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya.

Tsohon Sakatare: Hajiya, ina zuwa gida duk sallah, na san halin da ake ciki. Maganar asusu kuma ta shafi iyalan mamaci, ba zan kawo ta nan ba. Na kira taro ranar Asabar mai zuwa bayan la'asar, zuwa yanzu mutum biyar ne suka ce za su zo, kuma ban san abin da zan sa a ajandar ba.