Neman shawara: a ba ƙaramin yaro kwarkoro saboda zazzaɓi?

Mai tambaya, daga Garwa:
Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara uku yana fama da zazzaɓi, sai surukata ta ce a dafa masa ganyen kwarkoro, wanda wasu ke kira haƙorin kada, tsiron nan mai ƙaya da rawayen fure, kuma a daka 'ya'yansa a zuba don maganin ya ƙara ƙarfi. Ba na son saɓa mata, amma hankalina bai kwanta ba. Don Allah masu sani ku ba ni shawara.

Wani mai haɗa magunguna, daga Marwa:
Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Kada 'ya'yan nan su shiga bakin yaron ko kaɗan. Tsiron asalinsa daga Meziko yake, kuma yana ɗauke da sinadarai masu ɗaci da ake kira alkaloyid, waɗanda ba iri ɗaya ba ne a ganye da ƙwaya. A ganye akwai berberin da furotofin da alokiriftofin, su ne aka ga suna yaƙar ƙwayar cutar zazzaɓin sauro a ɗakin gwaji. Man da ke cikin 'ya'yan kuwa cike yake da sangwinarin, guba ce mai lalata ƙananan jijiyoyin jini har ƙafafu su kumbura, zuciya ta gaza, wani lokaci ido ma ya taɓu. A Delhi ta Indiya, a 1998, an gauraya man girki da man wannan ƙwaya, mutum fiye da 3,000 suka kwanta, sama da 60 suka rasu.

Game da ganyen, maganar surukarki tana da tushe. An gwada dafaffen ganyen a yankin Sikaso na Mali, kuma sakamakon da aka buga a 2010 ya nuna kashi 89 cikin 100 na waɗanda suka sha ba su buƙaci wani magani ba, waɗanda aka ba maganin asibiti kuwa kashi 95. Sai dai masu zazzaɓi marar tsanani aka gwada, a ƙauye mai nisa da asibiti, ma'aikatan lafiya na bibiyarsu, abin da ba ki da shi a ɗakinki, alhali asibiti yana kusa da ke.

Wata ma'aikaciyar jinya, daga Ngaundare:
Ba kowane zazzaɓi ne na sauro ba, saboda haka ki kai shi a yi masa gwajin jini yau ɗin nan. Idan ya fara jijjiga, ko amai ba tsayawa, ko ya kasa shan ruwa, ko barci ya yi masa nauyi, kada ki jira gari ya waye. Masu ciki da jarirai ma su nisanci kwarkoro, domin berberin yana iya tsananta ciwon shawara ga jariri.

Wata dattijuwa, daga Garwa:
'Yata, kada ki yi musu da ita, ƙaunar jikanta ce ta sa. Ki sa maigidanki ya gaya mata cikin ladabi cewa a fara gwada jinin, kuma ku tafi da ita ta ji da kunnenta. Allah ya ba yaron lafiya.

Mai tambaya:
Amin, Mama, na gode muku duka. Mahaifinsa ya yi mata magana ta amince, yanzu muke shirin fita.